Shekara biyu ina kallon takarda ina cewa karatu nake

Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma kunya take hana ni, dan har yau akwai mutanen unguwarmu da basu san korata aka yi daga jami'a ba, su a tunaninsu kwas na canza. Abun da yasa na ajiye kunyar shine wani yaro da na gani satin da ya wuce a barandar masallacinmu bayan isha'i, ya baje handawut a gabanshi, ido yayi jawur, kusan kowane layi ya bi shi da alƙalamin maka mai ruwan ɗorawa, yana ta bin shafin da ido yana gyaɗa kai kaman abun yana shiga. Wallahi sai naga kaman ni aka ɗauko aka ajiye a gurin. Ban iya mishi magana a ranar ba, na dawo gida abun yana ta cina a rai.

A Gombe aka haife ni, a Bolari na tashi. Babanmu ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, wake da masara da gero yake saye yana sayarwa, bai yi boko ba amma zai maka lissafin buhu ɗari da ka kafin ka gama lalubo kalkuleta a waya. Ni ne ɗanshi namiji na farko kuma ni ya ɗora wa burin boko. Tun firamare nake zuwa na ɗaya ko na biyu, a sakandare ma haka, har ya zama in an ce mai kan nan a gidanmu kowa ya san da wa ake. Yadda nake karatu kuwa a lokacin ba wani abu bane, in jarabawa ta rage kwana biyu sai in ɗauko littafin not in karanta shi sau uku sau huɗu, da safe in shiga aji in juye musu abunsu yadda suka bani, in fito, bayan sati ɗaya ko wuƙa aka sa min a wuya bazan iya kawo rabinshi ba. Kuma yana min aiki, sabida tambayoyin daga cikin not ɗin ake ciro su kalma da kalma. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na gane, nima ban taɓa tambayar kaina ba. Ɓarnar da yabon nan yayi min, wadda sai daga baya na gano, ita ce ya sa na yarda cewa mai ƙwaƙwalwa baya shan wahala a karatu, wanda yake maimaitawa yana tambaya yana kuskure shine daƙiƙi.

Na ci WAEC, na samu makin JAMB da ya isa, aka bani gurbi a wata jami'a da bazan kira sunanta ba dan babu laifinta a labarin nan, kwas ɗin bayokemistiri. Ranar da zan tafi mahaifiyata Dada ta haɗa min yaji da ƙuli da garin kunu, Baba ya raka ni tasha da kanshi, abun da ban taɓa ganin yayi wa kowa ba.

Tun watan farko na gane fili ya canza. Kwas tara a zango ɗaya, kowanne da handawut ɗinshi mai kauri, lakcara ya shigo yayi awa biyu yana zuba turanci ya fita, mu cike da ɗaki har taga, in kana baya muryar kawai kake ji. Ni kuma abu ɗaya na sani, dan haka shi na ƙara wa ƙarfi. Na shiga cikin 'yan kwanan aji, abun da ake cewa TDB, a tafi bayan isha'i sai kiran sallar asuba. Nescafe ba madara, goro a aljihu, wani lokacin in cika bokiti da ruwan sanyi in tsoma ƙafa dan kar bacci ya sace ni, sauro yana cizo ina kashewa da handawut ɗin. Na sayi maka kala uku. Zan karanta shafi in shafa mishi fenti, in sake karantawa, in sake, har in ji shafin ya zama ɗan gida, duk layin da idona ya sauka a kai sai zuciyata tace ai na san wannan. Wannan jin na "ai na san wannan" shi ya kashe ni.

Sabida in na shiga ɗakin jarabawa aka juyo takardar tambaya, sai in ga na san gurin. Wallahi na san shafin, na san a gefen dama yake daga ƙasa, na san da koren maka na shafa shi, har ɗigon shayin da ya zuba a gefen ina gani a raina, amma abun da aka rubuta a gurin babu. Akwai ranar da aka ce mu jero matakan gilaikolisis, yadda gulukos yake narkewa a cikin ƙwayar halitta mataki goma har ya zama fairubet guda biyu, abun da na kwana uku a kanshi, na rubuta mataki na farko da na biyu sai kaina yayi ɗif kaman an ɗauke wuta. Na zauna ina kallon silin, na kusa dani yana neman ƙarin takarda, gumi yana bin bayana alhali sanyi ake.

Shekarar farko na tsallake da kari-oba uku, wato kwas uku da na faɗi sai na sake su. A gida nace komai lafiya. Shekara ta biyu sababbin kwas suka hau kan tsofaffi, na ƙara yawan kwanan aji, na rame, na fara ciwon kai da ciwon ciki na rashin cin abinci a kan lokaci, sakamako kuma ƙara sauka yake. Aka bani gargaɗi, daga nan sai ranar da aka kafe sakamako a allon sanarwa na bi lambata da yatsa zuwa ƙarshen layi naga abun da aka rubuta. Ban yi kuka a gurin ba. Na koma ɗaki na kwanta da takalmina, abokan ɗaki suna ta hira a kan ƙwallo, ni kuwa fuskar Baba a tasha kawai nake gani.

Sai da nayi kwana goma sha a gida kafin na iya faɗa. Na same shi bayan magariba a zaure yana kan buzu yana jan carbi, na durƙusa nace Baba akwai magana. Da na gama bai ɗago ba, yayi shiru har na fara addu'ar ya ɗauko bulala ya dake ni ko na samu sauƙi, can sai yace Allah ya sa haka shi yafi alheri, gobe ka fito kasuwa. Shikenan. Dada kuwa ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Goggo da ta ji tace baki ne, yaron da yake zuwa na ɗaya tun yana ƙarami ba zai lalace haka kawai ba, aka fara kawo min rubutu da zuma da zabibi. Na sha kuma ban raina addu'ar kowa ba, ita ce ma nake ganin ta kai ni inda zan faɗa muku, amma ni a raina na riga na yanke wa kaina hukunci cewa dama can bani da kan, asirina ne ya tonu.

Wata biyar nayi a rumfar Baba ina awo da mudu ina ɗinke bakin buhu. Sana'ar bata da aibu, da ita aka ciyar damu, abun da yake cina shine in hango wani ɗan ajinmu na sakandare ya shigo kasuwa sai in shige bayan buhuna. Na daina zuwa majalisa. Na goge Facebook daga wayata sabida hotunan abokai da fararen riguna a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai dararen da zan kwanta in ta lissafin kuɗin da Baba ya kashe a kaina in mayar dasu buhunan wake, in ga tsayin tarin, bacci ya gagara.

Da kaka tayi sai Baba ya tura ni wani ƙauye a ƙasar Dukku in zauna sati uku ina tara mishi wake a kasuwannin ƙauye. A gidan Kawu na sauka, yayan Dada, alaramma ne mai tsangaya. Na sha zuwa gidan ina yaro amma ban taɓa kallon abun da suke yi da idon basira ba, mu 'yan boko dama da ɗan rainin nan muke kallon karatun allo, Allah ya yafe mana. Sanyin hunturu ya fara, kafin asuba an hura wutar kara a tsakar fili yara sun kewaye ta kowa da allonshi, ƙarar karatu tana tashi, gardawa kuma da rana su tafi kiskadi bayan gari inda ba mai damunsu.

Dare na huɗu muna zaune a bakin wutar sai Kawu yace, kai ɗan nan, Dadarka tace min kwana kake kana karatu amma aka ce baka ci ba, wa kake kai wa hadda? Nace Kawu ai mu a boko ba a kai hadda, karantawa kake in lokaci yayi ka shiga jarabawa. Yace to kafin jarabawar wa yake sauraronka? Nace babu. Yace kai kanka fa, kana kife littafin ka saurari kanka? Nayi shiru. Sai ya ƙwala wa wani yaro kira, ba zai wuce shekara tara ba, yazo ya durƙusa yace Allah ya gafarta Malam. Yace karanta allonka. Yaron ya riƙe allo ya zuba karatu tiryan-tiryan ba gargada, ni har na fara cewa masha Allah. Kawu ya miƙa hannu ya kife allon a cinyar yaron yace to sake. Aya ta farko ta fito, ta biyu ta fito, a ta uku ya tsaya yana ta maimaita kalmar farko yana kallon sama, irin kallon silin ɗin nan nawa sak. Kawu yace je ka ƙara, ba za a wanke allon nan yau ba. Sannan ya juyo gare ni yace ka gani, in allo yana gabanka kowa alaramma ne, allon ne yake karatun kai rakiya kake mishi. Ashe kai shekara biyu kallo kake.

Ban ji haushi ba wallahi, wani irin sanyi naji ya sauka a ƙirjina, sabida tun da aka kore ni wannan ne karon farko da wani ya nuna min cewa wataƙila ba kaina bane ya lalace, hanyar ce ba daidai ba. Sauran kwanakin na zuba ido sosai. Naga ba a yi wa yaro ƙari sai ya kawo na allonshi da ka, kuma ƙarin ɗan kaɗan ne, daidai abun da zai iya ɗauka. Naga sabon karatu baya korar tsoho, wanda aka wanke jiya za a sake shi yau, na satin da ya wuce yana cikin tilawa, izun da aka wuce da daɗewa shima akwai ranar da ake zagayowa kanshi. Naga gardi ya rubuta allo da ka ya kawo Kawu ya bi shi harafi harafi yana nuna mishi inda ya ɓata, kuma ba wanda yake jin kunyar a kama mishi kuskure, dan shi ma abun da ya kawo allon kenan. Da haka mutum yake riƙe izu sittin a kanshi har tsufa, ni kuma na kasa riƙe mataki goma na kwana uku. Kawu yace min sabon karatu baƙo ne, in baka leƙa shi da dare ba, da safe sai ka tarar ya tafi.

Ranar da na dawo Gombe na karɓi littafin bayoloji na ƙanwata, na buɗe babin zuciya, abun da nake ganin na sani tun aji huɗu na sakandare. Na karanta shi a nitse sau ɗaya, na kife, na ɗauko farar takarda nace bari in rubuta duk abun da na riƙe. Na zana zuciya na raba ta ɗaki huɗu, na rubuta sunayen ɗakunan, daga nan sai na tsaya. Jinin da ya dawo daga jiki ta dama yake shiga ko ta hagu? Wane ɗaki ne yake tura shi huhu? Na fi minti biyar ina kokawa da kaina hannuna yana ƙaiƙayin buɗe littafin, na daure na rubuta abun da nake zato, sannan na buɗe. Ashe na juya su gaba ɗaya, dama ta koma hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki ɗakin sama na dama yake shiga, ya sauka na ƙasa na dama, a tura shi huhu ya ɗauko iska, ya dawo ta ɗakin sama na hagu, ɗakin ƙasa na hagu mai kaurin bango shi yake harba shi duk jiki. Na gyara da jan biro. Washegari ban buɗe littafin ba na sake zanawa, kuskure ɗaya. Bayan kwana uku babu ko ɗaya. Yau shekaru da yawa kenan ban sake rikita shi ba, kuma gurin da na fara kuskurewa shi nafi riƙewa.

Gaskiya satuttukan farko basu da daɗi ko kaɗan, kuma ina so duk wanda zai gwada ya san haka. Karatun da, wato maimaita kallon shafi, yana da daɗi sabida yana sa ka ji kai gwani ne. Wannan kuwa kullum farar takarda tana nuna maka jahilcinka ƙiri-ƙiri, shafi biyu su cinye maka awa ɗaya, ka tashi kana jin ka fi jiya daƙiƙanci. Sau biyu na koma gidan jiya na ɗauko maka na fara fenti, sai in tuna yaron nan da allonshi a kife in ajiye.

A lokacin ne na fara lalube a intanet ko akwai wanda ya taɓa magana a kan haka, sai na tarar masana sun daɗe da yi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun 1885 ya fitar da binciken da yayi a kan kanshi, ya dinga haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya gano mantuwa tafi gudu a awannin farko da ranar farko, daga nan ta rage sauri, kuma in ka waiwayi abu bayan tazara yana ƙara zama. Baƙon Kawu kenan. Sai wani gwaji da Roediger da Karpicke suka wallafa a 2006 a Amurka, aka ba ɗalibai rubutu, wasu suka ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abun da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya masu tunowa da ka suka wuce su, kuma masu maimaitawar su suka fi yarda da kansu cewa zasu tuna. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar, dan tarihin rayuwata ne aka rubuta. A 2013 kuma Dunlosky da abokan aikinshi suka tantance dabarun karatu guda goma, gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki suka fito a sama, shafa maka da sake karantawa suna cikin na ƙasa.

Na samu Baba nace ina so in sake JAMB. Ya daɗe yana kallona sannan yace kuɗin fom daga ladan awonka zai fito. Na ji daɗin hakan fiye da in ya bani.

Daga nan na tsara kaina daidai da rayuwar da nake ciki, dan kasuwa bata tsaya ba. Sabon karatu bayan sallar asuba har rana ta fito, lokacin gida shiru kai kuma wasai. Waya ina ba Dada ta sa a ƙarƙashin filonta, sabida na gwada ajiye ta a gefe na ga ba zan iya ba. Na ga wata dabara ta wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ta karatun minti 25 a huta minti biyar, na gwada amma ni ta min gajarta, ina fara nutsewa lokaci ya cika, sai na mayar da nawa minti arba'in in tashi in zaga tsakar gida. Sannan na ɗauko tsarin akwatunan kati na wani Bajamushen, Sebastian Leitner, na yi shi irin namu. Gwangwanin madarar gari guda uku, na yayyanka kwalin taliya ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya. Gwangwani na ɗaya kullum, na biyu duk bayan kwana uku, na uku ranar Juma'a. Katin da na amsa daidai ya ƙara gaba, wanda na faɗi ko daga na uku ne ya dawo na ɗaya ba sani ba sabo. Ina cusa na ranar a aljihun riga in tafi kasuwa, in babu ciniki in ciro ɗaya in amsa a raina kafin in juya. Maƙwabcin rumfarmu tun yana tsokanata har ya koma shi yake karɓar katin yana min tambaya da turancinshi na kasuwa. Yanzu akwai manhajar Anki da take yin wannan aikin a waya, amma ni waya ita ce matsalar tawa shi yasa na tsaya a gwangwani.

Sai dai akwai inda hadda kaɗai bata kai mutum a boko, kuma ƙanwata ce ta nuna min ba tare da ta sani ba. Tana aji biyar a lokacin, wani dare tace Hamma wai menene mol ɗin nan na kemistiri? Na zuba mata ma'anar da turanci yadda take a littafi ba kuskure. Tace to me kenan? Na buɗe baki naji babu komai. Shekara nawa ina rubuta kalmar nan a jarabawa ashe ban san me take nufi ba, jimlar turancin kawai nake ɗauke da ita kaman ɗan dako da bai san me ke cikin buhu ba. Na koma na zauna da abun kwana biyu sannan na kira ta nace kin san dozin? Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk sha biyu ne amma nauyinsu ba ɗaya ba. To mol ma ƙidaya ce irin dozin, sai dai lambar tana da girma sosai sabida ƙwayoyin zarra ƙanana ne, shi yasa mol ɗaya na kabon giram 12 ne, mol ɗaya na ruwa giram 18, adadin ƙwayoyi ɗaya nauyi daban. Tace au, dama shi kenan? Daga ranar na sa wa kaina doka, duk abun da bazan iya bayyana mata da Hausa ba ban iya shi ba tukuna. Kusan rabin abun da nake ɗauka raunin ƙwaƙwalwa ne ashe turanci ne da ban tsaya na warware ba, kuma na tabbata da yawa cikin yaranmu na Arewa wannan ne yake kayar dasu suna zaton kansu ne.

Lissafi da fiziks kuwa ba a kallonsu, yin su ake. Na nemo tsofaffin tambayoyi ina warwarewa da amsar a rufe, kuma na daina yin iri ɗaya guda ashirin a jere, sai in gauraya su, sabida a jarabawa ba mai faɗa maka daga wane babi tambaya ta fito, gane hakan ma rabin aikin ne. Na buɗe wani littafi na kuskure zalla, duk tambayar da na faɗi in rubuta ta da dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne ko gaggawa ko rashin fahimtar turancin tambayar. JAMB tambaya 180 ce a awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, dan haka ranar Lahadi nake zama da agogo in yi cikakkiya kaman gaske, har na je shagon kwamfuta sau da yawa dan hannuna ya saba. Goro da Nescafe na bar su, ƙarfe goma na kwanta, dan a cikin bacci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abun da aka zuba mata da rana, wanda ya kwana a aji ya hana ta wannan aikin kuma ya shiga jarabawa da kai mai nauyi. Daren jarabawar ma ban buɗe littafi ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Makin da na samu ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Na shiga wata jami'ar daban na fara daga aji ɗaya, na girmi yawancin 'yan ajin, a shekarar da nake aji biyu abokaina na da suna sa kakin bautar ƙasa. Wannan yayi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Kuma ban zama wani gwani na musamman ba, akwai kwas ɗin da ya bani wuya sosai na tsallake shi da ƙyar, amma ban sake zama a ɗakin jarabawa ina kallon silin ba, sabida kafin in shiga na riga na san abun da na sani da wanda ban sani ba. Duk lakcar da aka yi, a daren ranar nake kife littafi in rubuta ta da ka ko minti goma sha biyar ne. Muka haɗa ƙungiya mu huɗu, ba ta zama a yi ta karatu shiru ba, kowa ya zo da tambaya biyar ya jefa wa ɗan uwanshi.

Kawu ya rasu ina aji uku, Allah ya jiƙanshi ya sa Alƙur'ani ya cece shi. Na samu na faɗa mishi sakamakon JAMB ɗin da bakina, yayi murmushi kawai yace to a ci gaba da tilawa. Baba kuwa har yau bai taɓa tayar da maganar korar ba, ranar da na kawo mishi takardar kammalawa ya juya ta gaba da baya duk da baya karanta boko, ya miƙo min yace kai wa Dadarka ta gani.

Yanzu kemistiri nake koyarwa a wata sakandare a nan Gombe, kuma minti biyar ɗin farko na kowane darasi littattafai a kife suke, kowa ya rubuta abun da ya tuna na darasin baya, ba maki ba duka. Suna ƙorafi a farkon zango, wasu iyayen ma sun zo sun tambaya.

Jiya bayan isha'i na sake ganin yaron nan a barandar masallaci. Na zauna kusa dashi muka gaisa, na tambaye shi me yake karantawa yace jarabawa gare shi nan da sati uku, kuma wannan handawut ɗin ya bi shi sau biyar. Nace ɗan bani aron shi. Na kife shi a kan tabarma, na yago takarda daga littafin aljihuna na miƙa mishi da biro nace rubuta min abun da ke shafin farko. Ya kalle ni kaman zai ce wani abu sai ya sunkuya, ya rubuta layi huɗu ya tsaya, ya ɗaga kai sama. Na bashi labarina a taƙaice, har da korar, shine mutum na farko a unguwar da na faɗa wa da bakina. Mun yi dashi zai kawo min shafi uku da ka ranar Asabar bayan la'asar, ni kuma zan nemo mishi gwangwani.